Me Ya Sa Mutanen Kwango Suke Ƙin A Jawo Ruwansu Zuwa Tafkin Chadi?

Wani malamin makaranta daga Bulangwa, can bakin kogin Shari, ya aiko da wannan tambaya: "Tun muna yara muke jin za a jawo ruwa daga Kwango a cika Tafkin Chadi. An ce kogin nasu yana zubar da ruwansa cikin teku a banza, amma mutanen can sun ce ko ɗigo ba za a taɓa ba. Ashe wannan ba rowa ba ce? Ko akwai wata hujja ta ilimi a bayan adawar tasu?"

Malam, na gode da tambaya, Allah ya ƙara basira. Na shafe shekaru masu yawa ina aikin auna ruwa a kogin Logon da kogin Shari kafin in ajiye aiki in zauna a Kusuri da ke arewacin Kamaru, kuma wannan tambaya na sha jin ta a kasuwa da masallaci da ɗakin taro. Amsata a taƙaice ita ce akwai siyasa da kishin ƙasa a cikin adawar mutanen Kwango, amma akwai hujja mai ƙarfi a ƙarƙashinsu, kuma mu mutanen Logon mun fi kowa cancantar gane wannan hujja, domin abin da suke tsoro ya taɓa faruwa da mu a nan gida.

Bari mu fara da abin da ake shirin yi, don mutane da dama suna haɗa shiri biyu su mai da su ɗaya. Babban shirin shi ne wanda ake kira Transaqua, wanda wani kamfanin Italiya mai suna Bonifica ya tsara tun ƙarshen shekarun 1970. Manufarsa a haƙa hanyar ruwa mai tsawon kusan kilomita 2,400, wadda za ta tare ƙananan kogunan da ke kwarara cikin kogin Kwango ta ɓangaren dama, ta bi ta Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ta zubo cikin kan kogin Shari, da ruwan da zai iya kai kubik mita biliyan 100 a kowace shekara. Ƙaramin shirin kuwa shi ne a gina madatsa a Palambo, a kan kogin Ubangi sama da Bangi, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wanda wani kamfanin Kanada mai suna CIMA ya kammala nazarinsa a 2011 bisa umarnin Hukumar Tafkin Chadi. Hukumar ta sa hannu da kamfanin PowerChina na ƙasar Sin a ƙarshen 2016, sannan babban taron da aka yi a Abuja a watan Fabrairun 2018 ya nuna goyon baya ga Transaqua, aka kuma ambaci kuɗin da ya kai dala biliyan 50. Har yau dai ba a sa diga a ƙasa ba.

Lissafin da masu goyon baya suke yi gaskiya ne a kan takarda. Kogin Kwango yana tura kimanin kubik mita 41,000 cikin teku a kowace daƙiƙa, saboda haka abin da Transaqua ke nema bai wuce kashi 8 cikin ɗari na ruwan shekara ba. Mu kuma tafkinmu da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya tsuke zuwa wajen 2,000 a tsakiyar shekarun 1980, bayan farin 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984. Duk wanda ya ajiye waɗannan alƙaluma biyu kusa da juna zai ce abin da ka ce.

Inda matsalar take shi ne kalmar nan "a banza", kuma ni kaina na taɓa rubuta ta da hannuna. Ina saurayi a bakin aiki, an koya mana mu auna ruwan Logon a Bongor, mu sake auna shi a ƙasa kusa da mahaɗarsa da Shari, abin da ya ragu tsakanin ma'aunai biyun nan kuma sai mu rubuta shi a gurbin "asara". Ruwan da ya haura gaɓa daga Agusta zuwa Nuwamba ya bazu cikin fadamar da Fulani ke kira yayre, a littafinmu ruwa ne da ya ɓata. Na cika wannan gurbi shekara da shekaru ban taɓa tambayar kaina ina ruwan yake zuwa ba, sai da aiki ya kai ni wani ƙauye a yankin Zina a farkon shekarun 1990, cikin watan Disamba, lokacin da ya kamata a ce hayaƙin banda ya rufe gari. Wani dattijo Bakotoko ya kama hannuna ya kai ni bakin wata doguwar magudana da kakansa ya haƙa da hannu, wadda take haɗa wani kududdufi na cikin fadama da rafi. Idan ruwa ya fara janyewa, kifin da ya yi ƙiba cikin ciyawa yakan biyo magudanar zai koma kogi, sai ya faɗa cikin ragar da aka kafa a bakinta. Wannan magudana gado ce, ana raba ta kamar gona, ana ba da ita jingina, da ita ake aurar da 'ya'ya. Ranar da na gan ta, ƙasanta ya daddare har tafin hannuna yana shiga cikin tsagar, akuya biyu suna kwance a ciki. Dattijon bai yi mini dogon bayani ba. Ya tambaye ni ko mu ne masu rubuta ruwa, na ce mu ne, sai ya ce to in rubuta cewa nasa bai zo ba shekara goma sha wani abu.

Abin da ya hana ruwansa zuwa sananne ne. A 1979 aka kammala madatsar Maga, ganuwar ƙasa mai tsawon kilomita 27 tsakanin Pus da Girbidik, domin noman shinkafa na hukumar SEMRY, aka kuma yi jinga a gaɓar Logon ta ɓangaren Kamaru don kare gonakin. Madatsar ta tare ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Mandara, jingar kuma ta toshe ƙananan rafukan da ke ɗaukar ambaliyar Logon su kai ta cikin fadama. Sakamakon haka wajen murabba'in kilomita 1,500, wato hekta 150,000, suka daina samun ambaliyar da suka saba, domin a shayar da gonakin shinkafa na wajen hekta 6,000 a Maga. Adalci ya sa in faɗa cewa fari ma ya taka rawa a waɗannan shekaru, kuma shinkafar ta ciyar da dubban gidaje, har yau tana ciyarwa. Amma makiyayi ya san bambancin fari da datsewa, don fari yakan wuce. Burgu da shinkafar daji, ciyayi masu saiwa da ke sake tofowa bayan an ƙona su a rani, suka mutu, dawar daji da ke bushewa cikin wata biyu ta maye gurbinsu. Fulani da Larabawan Shuwa suka kaɗa shanunsu zuwa wasu wurare, masunta Kotoko da Musgum suka watse, wasu suka nufo tafki, namun gandun dajin Waza suka ragu, giwaye suka riƙa fita daga gandun suna shiga gonakin mutane a kudu.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ta zo ne a 1994, lokacin da aikin Waza-Logon, tare da ƙungiyar kare muhalli ta IUCN, ya fasa jingar a bakin wani rafi da ake kira Ƙaramin Goroma, aka ƙara buɗe wani a 1997. Ruwan da aka saki kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da Logon ke ɗauka, amma ya jiƙa wajen murabba'in kilomita 200, kuma cikin 'yan shekaru ciyawa mai saiwa ta fara dawowa, kifi ya dawo, makiyaya suka dawo tun kafin wani jami'i ya sanar da su. Daga nan na fahimci cewa a irin wannan ƙasa yawan ruwan shekara ba ya gaya maka komai. Abin da rayuwa ta rataya a kai shi ne tsayin ambaliya, da ranar da ta zo, da kwanakin da ta yi kafin ta janye. Fadamarmu shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, saboda haka idan ambaliya ta gaza da kamu ɗaya, kilomitoci da yawa za su kwana a bushe. Tarwaɗa da karfasa da bargi suna jiran wannan hauhawa don su shiga ciyawa su yi ƙwai, mai masakwa, wato dawar rani, yana jiran janyewarta don ya dasa a baƙin laka da ake kira firgi, rijiyoyin ƙauye kuma daga ita suke sha ta ƙarƙashin ƙasa.

To, Malam, ka ɗauki wannan ma'auni ka kai shi Kwango. Kashi 8 cikin ɗarin nan an lissafa shi ne a bakin teku, alhali ba a bakin teku za a ɗebi ruwan ba. Za a tare shi ne a kan wasu koguna ƙayyadaddu na gabas da arewa maso gabas, kuma ga wanda yake zaune a ƙasan irin wannan kogi, abin da za a ɗauke zai iya zama mafi yawan ruwansa. Kogin Ubangi, wanda ƙaramin shirin ya dogara a kansa, shi kansa ya ragu tun shekarun 1970, har manyan jiragen dakon kaya sukan kasa isa Bangi na tsawon watanni a lokacin rani, ga shi kuwa Afirka ta Tsakiya ba ta da teku, kogin nan na cikin manyan hanyoyin da man fetur da kaya ke bi su same ta. A tsakiyar kwarin Kwango akwai wani makeken dajin fadama da masana suka bayyana girmansa a 2017, murabba'in kilomita wajen 145,000 na ruɓaɓɓen ganye da itace da ya taru shekaru dubbai cikin ruwa, wanda idan ya bushe zai iya ci da wuta kamar gawayi. A ƙasan kogin Kwango kuma akwai tashoshin lantarki na Inga, da babban burin ƙasar Kwango na faɗaɗa su. Sannan ga batun da ba a cika ambata ba, wato haɗa koguna biyu da Allah ya raba, kowane da irin kifinsa da cututtukansa da ciyawarsa, ciki har da wata irin kainuwa mai shuɗin fure da ta daɗe tana toshe hanyoyin jirage a Kwango.

Akwai kuma ciwon rashin shawara, wanda a ganina shi ya fi hura wutar. Hukumar Tafkin Chadi, wadda Kamaru da Chadi da Nijar da Najeriya suka kafa a 1964 a garin da yanzu ake kira Njamena, ita ce ke jan maganar, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango kuwa ba cikakkiyar mamba ba ce a cikinta. Kwarin Kwango yana da tasa hukumar mai suna CICOS, wadda aka kafa a 1999, mai hedikwata a Kinshasa, kuma ƙasarmu Kamaru tana zaune a kujerun hukumomin biyu. Mutumin da ya ji ana raba ruwan ƙofar gidansa a taron da aka yi a wata ƙasa, ba abin mamaki ba ne ya murtuke fuska. Shi ya sa dokar ruwa da Kwango ta kafa a watan Disambar 2015 ta tanadi cewa ba za a fitar da ruwa zuwa wata ƙasa ba sai al'umma ta amince ta hanyar ƙuri'ar raba gardama. Ba na musun cewa wasu 'yan siyasar can suna amfani da batun don neman suna, suna maganar yaƙin ruwa kamar gobe za a fara, amma ɗan siyasa ba ya hawa dokin da ba shi da ƙafa.

Irin wannan adawa ba a Kwango aka fara ta ba, kuma ta fi zafi a wuraren da kogi ke rarrabuwa ƙafa-ƙafa kafin ya ƙare, abin da ake kira delta. Misalin da ya fi kama da namu shi ne Okabango a Botsuwana, kogin da ba ya isa teku, sai dai ya bazu cikin yashin Kalahari, rana da tsirrai su shanye fiye da kashi 95 cikin ɗari na ruwansa. Injiniyoyi suka ga wannan a matsayin asara, gwamnati ta tsara yashe wani reshe mai suna Boro domin ruwa ya riƙa wucewa da sauri zuwa kudu. A watan Janairun 1991 mutanen garin Maun suka taru a dandalin shawararsu na gargajiya suka ƙi amincewa, gwamnati ta dakata, ta gayyaci IUCN ta duba, kuma bayan rahoton 1992 aka jingine aikin. Da Namibiya ta so jan bututu daga Rundu zuwa babban birninta lokacin farin 1996, mutanen deltar suka sake tashi, kafin ruwan sama ya sauka maganar ta lafa.

A Amurka ma haka abin yake, duk da kuɗi da kotuna da ilimi. A jihar Kaliforniya, kogin Sakaramento da na San Hoakin suna haɗuwa a wata delta kafin su shiga tekun San Faransisko, kuma daga kudancinta manyan injuna ke zuƙar ruwa zuwa gonaki da biranen kudu, da ƙarfin da kan sa wasu rassan kogin su riƙa gudu da baya. Ruwan daɗi da ke fita zuwa teku shi ne ke tura ruwan gishiri baya, saboda haka duk lokacin da aka rage shi, gishiri yakan kutso cikin gonakin mazauna wurin. A 1982 masu zaɓe suka kayar da shirin haƙa magudanar da za ta kewaye deltar, daga baya gwamna Jerry Brown ya dawo da shi a siffar ramuka biyu na ƙarƙashin ƙasa, gwamna Gavin Newsom ya rage su zuwa ɗaya a 2019, mai tsawon kusan kilomita 72, a kan kuɗin da aka kiyasta dala biliyan 20, kuma manoma da masunta da ƙananan hukumomin yankin suna ta kai ƙara. Ba ma sai mun je nesa ba, domin 'yan'uwanmu na Hadeja da Nguru da Gashuwa sun ga abin da madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka yi wa fadamunsu, shi ya sa mutanen Yobe da Barno suka daɗe suna adawa da madatsar Kafin Zaki.

Yanzu bari in juyo kan ɓangaren da ya shafe ka kai tsaye, domin Bulangwa tana kan deltar Shari, kuma ba a cika tambayar mu masu karɓa ko muna so ba. Tafkin Chadi faranti ne marar zurfi, rana da iska suna shanye kusan mita biyu daga samansa a kowace shekara, wato tafki mai faɗin 1963 yana buƙatar abin da ya kai kubik mita biliyan 50 kowace shekara don ya tsaya yadda yake. A shekarun damina mai albarka Shari da Logon, waɗanda ke kawo fiye da kashi 90 cikin ɗari na ruwan da koguna ke zubawa a tafkin, sukan kawo kusan biliyan 40, a shekarun 1980 kuwa abin ya faɗi ƙasa da rabin haka. Wannan lissafi yana nuna cewa ƙaramin shiri irin na Palambo ba zai dawo da tafkin kakanninmu ba, babban shirin kuma yana nufin a ƙara wa Shari fiye da ninki biyu na abin da ya saba ɗauka a zamanin da ya fi cika, kusan kubik mita 3,200 a kowace daƙiƙa, dare da rana, rani da damina. Duk wannan ruwa dole ya ratsa tsakanin Njamena da Kusuri. Wanda ya ga yadda muka kwana muna cika buhuna da yashi a 2022, da yadda aka koma shiga unguwanni da kwalekwale a 2024, zai so a gaya masa inda za a ajiye ƙarin.

Sannan ƙasar da tafkin ya janye ya bari ba kufai ba ce. Darak da ƙauyukan da ke kewaye da ita sun cika da jama'a ne bayan ruwa ya ja, Hausawa da Kanuri da Shuwa da Kotoko da mutanen Mali suka zauna, suna shuka masara da wake da kuɓewa da rake a laimar da ruwa ke bari kowace shekara ba tare da taki ko injin ban ruwa ba, suna kafa tarkunan kifi irin su dumba da gura a mashigai, shanu suna bin bayansu. Wani nazari da cibiyar bincike ta Faransa, IRD, ta gabatar wa Hukumar Tafkin Chadi a 2014 ya nuna cewa tafkin ba ɓacewa yake yi ba, yana kumbura yana tsukewa ne kamar yadda ya saba, kuma wannan ƙaramin tafki mai hawa da sauka yana ciyar da mutane wajen miliyan biyu da ke bakinsa, har ya aika da abinci Njamena da Maiduguri. Hotunan tauraron ɗan'adam ma sun nuna ruwan ya ƙaru tun shekarun 1990, sai dai da yawansa yana ɓoye ƙarƙashin ciyawa. Ban ce babu wahala ba. Rikicin da ya ɓarke tsakanin Musgum da Shuwa a yankin Logon Birni a watan Agustan 2021, ya sake tashi a Disamba har ya iso Kusuri ya kori dubun-dubatar mutane zuwa Chadi, a kan ruwa da ramukan kifi da hanyar shanu ya faro. Amma ruwa yana nan a wurin lokacin da aka yi faɗan, abin da ya ɓace shi ne tsarin da ke faɗin wa zai yi amfani da shi, a yaushe, kuma wa zai raba gardama, wanda ko an juyo da Kwango gaba ɗaya ba zai zo da shi ba.

Ra'ayina, bayan shekarun da na yi ina riƙe da sandar awo, shi ne kada mu ɗora wa mutanen Kwango laifin rowa, kuma kada mu jingina rayuwarmu da magudanar da aka fi shekara arba'in ana zancenta. Da kaɗan daga cikin kuɗin da ake ambata za a iya gyara jingar Logon a sa mata ƙofofin da ake buɗewa lokacin ambaliya, a yashe mashigan da yashi da ciyawa suka toshe, a farfaɗo da tashoshin awo da suka lalace, a kuma aiwatar da Yarjejeniyar Ruwa da shugabannin yankin suka amince da ita a Njamena a 2012. Idan kuma wata rana aka zo Bulangwa da taswira ana neman amincewarku, ka roƙi masu aikin su nuna maka layin da ruwa zai tsaya a watan Nuwamba na shekara mai yawan damina, su faɗi wanda zai riƙe makullin ƙofar ruwan da ƙasar da zai zauna, su kuma faɗi wanda zai biya kuɗin gyaran kilomita 2,400 bayan an gama biki. Ka sa bulama da sarkin ruwa da ardo su zauna a wurin, a karanta musu amsar da harshen da suke ji, sannan ka duba ko gonar masararku da makarantar da kake koyarwa suna cikin layin ko suna wajensa.